Matsalar Miƙa Jerin Ƙimomi ga Tambayar Rumbun Bayanai da Matsayin Daidaitacciyar Ƙa'idar SQL

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi nazari a kan wata matsala wadda kusan duk mai rubuta manhajar kwamfuta da ke hulɗa da rumbun bayanai yakan ci karo da ita, watau yadda za a miƙa wa rumbu jerin ƙimomi, maimakon ƙima guda, a cikin tambaya ɗaya. A ido matsalar ƙarama ce, amma tana taɓa tsaron bayanai da saurin aiki, tana kuma taɓa iyawar manhaja ta tashi daga wannan rumbu ta koma wancan ba tare da an sake rubuta ta ba. Za mu fara da bayyana kalmomin da za mu yi amfani da su, sa'an nan mu duba tushen matsalar, da abin da daidaitacciyar ƙa'ida ta tanada, da hanyoyin da ake bi a aikace. Daga ƙarshe za mu kawo shawarwari.

1.1 Ma'anar Kalmomi

Rumbun bayanai a nan yana nufin manhajar da ke adana bayanai a cikin jadawali, kowane jadawali da layuka a kwance da ginshiƙai a tsaye, irin su Oracle da PostgreSQL da MySQL da SQL Server da SQLite. Tambaya ita ce jimlar da ake rubutawa da harshen SQL don neman wasu layuka daga jadawali. Ƙima kuwa ita ce abu guda da ake sakawa a mahaɗar layi da ginshiƙi, kamar lamba ko suna ko kwanan wata. Gurbi shi ne wurin da mai rubutu yake bari a buɗe cikin tambaya, don a cike shi da ƙima a lokacin aiki. Kalmar ɗaukuwa mun yi amfani da ita da nufin yiwuwar ɗaukar tambaya daga wani rumbu zuwa wani, ta yi aiki yadda take.

2.0 Tushen Matsalar

A shekarar 1970 ne E. F. Codd, wani masani a kamfanin IBM, ya buga maƙalar da ta kafa tsarin adana bayanai a jadawali masu dangantaka da juna. Daga cikin sharuɗɗan da ya gindaya akwai cewa kowane gida a jadawali ya ɗauki ƙima guda kawai, kada ya ɗauki tarin ƙimomi. A kan wannan tunani ne Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka gina harshen da suka bayyana a 1974 da sunan SEQUEL, wanda daga baya ya zama SQL. Saboda haka tun farkonsa harshen ya san abu biyu ne, ƙima guda da jadawali. Bai tanadi wani abu a tsakaninsu ba.

A ɗauka muna da jadawali mai suna dalibai, kuma muna neman sunan ɗalibi ɗaya ta lambarsa. Ga yadda za a rubuta:

(1) SELECT suna FROM dalibai WHERE lamba = ?

Alamar tambaya da ke ƙarshe ita ce gurbin. Manhaja tana aika jimlar daban, ta aika lambar daban. Rumbu zai fara tantance jimlar, ya tsara hanyar da zai bi ya nemo amsa, sa'an nan ya saka lambar a gurbinta. Amfanin wannan rabuwa biyu ne. Na farko, duk abin da aka saka a gurbi ƙima za a ɗauke shi, ba zai taɓa zama umarni ba. Na biyu, rumbu yana iya ajiye tsarin da ya riga ya yi, ya sake amfani da shi ko da sau dubu aka zo da wata lamba.

To, idan ɗalibai uku ake nema fa? Harshen ya tanadi kalmar IN:

(2) SELECT suna FROM dalibai WHERE lamba IN (101, 205, 318)

Abin da kan fara zuwa wa mai koyo a zuciya shi ne ya rubuta kamar haka, ya miƙa lambobin uku gaba ɗaya:

(3) SELECT suna FROM dalibai WHERE lamba IN (?)

Jimla ta (3) daidai take a nahawu, sai dai ma'anarta jeri ne mai ƙima guda. Idan aka cike gurbin da rubutun 101,205,318, rumbu zai ɗauke shi kalma ɗaya. PostgreSQL da Oracle da SQL Server za su ƙi, su ce wannan rubutu ba lamba ba ne. MySQL kuwa yakan karanta lambobin da ke farkon rubutun ya tsaya a waƙafi, ya kawo ɗalibi mai lamba 101 shi kaɗai, tare da gargaɗin da yawancin manhajoji ba sa dubawa. Wannan ya fi muni, domin amsa ce gurguwa da ta yi kama da cikakkiya.

Abin lura a nan shi ne waƙafin da ke cikin jimla ta (2) ɓangare ne na nahawun jimlar, gurbi kuma ba ya iya ɗaukar nahawu. Tun da ana tantance jimla kafin a ga ƙima, tilas ne a san adadin abubuwan da ke cikin jerin tun lokacin rubuta jimlar. Wannan shi ne asalin matsalar.

3.0 Abin da Daidaitacciyar Ƙa'ida ta Tanada

Hukumar ma'auni ta Amurka, ANSI, ta fitar da daidaitacciyar ƙa'idar SQL ta farko a 1986, hukumar duniya ta ISO kuma ta amince da ita a 1987. An yi mata babban gyara a 1992, sa'an nan aka ci gaba da sabunta ta, har da bugun 1999 da 2003 da 2016 da 2023. Mahalarta wannan taro da suka saba da nazarin harshe za su iya kwatanta ta da Daidaitacciyar Hausa, su kwatanta harshen kowane rumbu da karin harshe. Bambancin kawai shi ne Bakano da Basakkwace suna fahimtar juna ko da kalma ta saɓa, amma rumbu ba ya yafe ko harafi ɗaya.

A ƙa'ida, abu biyu ne ke iya biyo bayan IN: ko jerin ƙimomi da aka rubuta ɗaya bayan ɗaya, aƙalla guda, ko wata ƙaramar tambaya mai haifar da jadawali. Bugun 1999 ya shigo da nau'in ARRAY, wanda za mu kira ƙunshi, watau ƙima guda da ta ƙunshi wasu ƙimomi a jere. Ya kuma shigo da UNNEST, wadda ke kwance ƙunshi ta mayar da shi jadawali. Da waɗannan biyu aka sami hanyar da ƙa'ida ta yarda da ita:

(4) SELECT suna FROM dalibai WHERE lamba IN (SELECT x FROM UNNEST(CAST(? AS INTEGER ARRAY)) AS t(x))

A nan gurbi ɗaya ne, ƙima ɗaya ce, jimlar kuma ba ta sauyawa ko lambobi nawa ne a ƙunshin. Bugun 2003 ya ƙara nau'in MULTISET, tarin da ba a damu da jerantuwarsa ba, tare da MEMBER OF don tambayar ko wata ƙima tana cikin tarin. Ashe ke nan a kan takarda an warware matsalar tun 1999.

Dalilin da ya sa ba ta waru a aikace ba yana cikin tsarin ƙa'idar kanta. Tun daga 1999 an raba ta gida biyu: akwai jigo, wanda dole duk rumbun da ke iƙirarin bin ƙa'ida ya cika shi, akwai kuma ɗaruruwan sassa na zaɓi. Ƙunshi yana cikin na zaɓi, a ƙarƙashin lamba S091, MULTISET kuma a ƙarƙashin S271. Rumbu yana iya barin su duka biyu, ya ci gaba da cewa yana bin ƙa'ida, kuma bai yi ƙarya ba. Bugu da ƙari, hukumar NIST ta gwamnatin Amurka, wadda a dā take gwada rumbuna ta ba da shaidar sun bi ƙa'ida, ta daina wannan aiki a 1996. Sakamakon haka, jimla ta (4) tana aiki a PostgreSQL da HSQLDB, amma ba ta aiki a MySQL ko SQL Server ko SQLite, waɗanda ba su da nau'in ƙunshi.

4.0 Hanyoyin da Ake Bi a Aikace

4.1 Liƙa Ƙimomi a Jikin Jimla

Hanya mafi sauƙi ita ce manhaja ta haɗa lambobin da waƙafi ta liƙa su a jikin jimlar, ta sami abu irin na (2). Tana aiki a kowane rumbu, amma ta rushe katangar da ke tsakanin ƙima da umarni. Idan ƙimomin daga hannun baƙo suka fito, yana iya rubuta umarni a inda ake sauraron lamba, rumbu kuma ya aiwatar. Wannan shi ne kutsen cusa umarni, wanda aka yi bayaninsa a fili tun 1998 a mujallar Phrack. Da irinsa aka kutsa kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya a 2015, aka kai ga bayanan mutane kusan 157,000, hukumar kare bayanai ta ƙasar kuma ta ci kamfanin tarar fam 400,000 a 2016. Jerin IN yana daga cikin wuraren da wannan kuskure yake ɓuya, domin mai rubutun da ya kiyaye gurbi a ko'ina yakan yi sakaci a nan idan ya ga jimla ta (3) ta ƙi.

4.2 Gurbi ga Kowace Ƙima

Hanya ta biyu ita ce manhaja ta ƙirga ƙimomin, ta rubuta gurbi daidai adadinsu:

(5) SELECT suna FROM dalibai WHERE lamba IN (?, ?, ?)

Wannan ta kiyaye tsaro, tana cikin jigon ƙa'ida, kuma ita ce mafi ɗaukuwa. Amma tana da aibu guda huɗu.

Na farko, kowane rumbu yana da iyakarsa. Oracle ya daɗe ba ya karɓar fiye da abu 1,000 a jeri ɗaya, sai a bugu na 23 aka ɗaga iyakar zuwa 65,535. SQL Server ba ya karɓar fiye da gurbi 2,100 a kira ɗaya. SQLite yana tsayawa a 999 kafin bugun 3.32 na 2020, bayansa kuma a 32,766. PostgreSQL da MySQL suna tsayawa a 65,535, domin da lamba mai bit 16 suke ƙirga gurabe. Manhajar da ta yi shekaru tana aiki lafiya tana iya faɗuwa ranar da jerin ya ƙetare iyaka, ko ranar da aka sauya mata rumbu.

Na biyu, kowane tsawon jeri sabuwar jimla ce a wurin rumbu. Idan jeri yakan kama daga ƙima 1 zuwa 1,000, to jimloli 1,000 ne daban-daban, kowace da tsarinta, suna cika ma'ajiyar tsare-tsare suna korar waɗanda suka fi amfani. Maganin da wasu manhajoji irin su Hibernate suka tanada shi ne ciko: a maimaita ƙima ta ƙarshe har adadin ya kai 2 ko 4 ko 8 ko 16, haka har sama. Jeri mai ƙima 5 sai ya zama mai 8. Maimaicin ba ya sauya amsa, jimloli 1,000 kuma sun koma 11. Sai dai a lura, mataki na ƙarshe shi ne 1,024, wanda ya zarce tsohuwar iyakar Oracle.

Na uku, jerin da babu kome a cikinsa. Ƙa'ida ba ta yarda da IN da baka biyu wayam ba, yawancin rumbuna kuma suna ƙin sa, ko da yake SQLite yana karɓa. Dole manhaja ta duba wannan hali da kanta.

Na huɗu, ko siffar gurbin ba ɗaya ba ce. ODBC da JDBC suna amfani da alamar tambaya, PostgreSQL da $1 da $2, Oracle da suna mai ɗigo biyu a gaba, SQL Server da suna mai alamar @ a gaba. Ƙa'idar haɗa harshen Python da rumbu, PEP 249, ta halatta salo biyar.

4.3 Ƙunshi Bisa Karin Kowane Rumbu

Rumbunan da suka tanadi hanyar miƙa tari a gurbi ɗaya kowa ya bi tasa. A PostgreSQL abin da aka saba shi ne:

(6) SELECT suna FROM dalibai WHERE lamba = ANY($1)

Jimla ce gajera mai kyau, ƙunshi wayam kuma ba ya karya ta, sai dai ta dawo ba layi ko ɗaya. Amma a ƙa'ida ƙaramar tambaya ce kaɗai ke bin ANY, haɗa ta da ƙunshi ƙari ne na PostgreSQL. A Oracle ana bayyana nau'in tari mai suna tukuna, sa'an nan a kwance shi da TABLE. A SQL Server, tun bugun 2008, ana iya miƙa jadawali sukutum a gurbi, bayan an bayyana nau'insa a rumbu. BigQuery na kamfanin Google yana rubuta IN UNNEST kai tsaye. Duka ma'anarsu ɗaya, amma babu wadda za ta yi aiki a gidan wata.

Har ila yau akwai manhajar tsani da ke tsakanin shiri da rumbu, ita ma da nata hukuncin. JDBC ya tanadi createArrayOf tun 2006 don gina ƙunshi, amma tsanin Oracle ba ya karɓar ta, yana da tasa daban. A Python, psycopg2 yakan faɗaɗa jeri da kansa kafin ya aika jimla, don haka abu irin na (3) yana aiki a cikinsa. Da psycopg na 3 ya fito a 2021, ya koma aika ƙima daban da jimla, sai wannan salo ya daina aiki, aka koma ga (6). Rumbu bai sauya ba, amma jimlar ta karye. Kada kuma a ruɗe da abin da ODBC ke kira jerin gurabe: wannan maimaita jimla ɗaya ne sau da yawa, kowane karo da ƙima dabam, ba miƙa jeri ga IN ba ne.

4.4 Jadawalin Wucin Gadi

Hanya ta huɗu ita ce a zuba ƙimomin a jadawalin wucin gadi, sa'an nan a haɗa shi da babban jadawali:

(7) SELECT suna FROM dalibai WHERE lamba IN (SELECT x FROM zababbu)

Tambayar kanta tana ɗaukuwa ko'ina, ba ta da iyakar adadi, rumbu kuma yana iya sanin girman jerin ya tsara aikinsa daidai. Kuɗinta shi ne ƙarin zirga-zirga tsakanin manhaja da rumbu, da buƙatar izinin rubutu. Ƙirƙirar jadawalin ma ta bambanta. Ƙa'idar 1992 ta bayyana jadawalin da siffarsa ke zaune dindindin amma abin cikinsa na kowane zama ne, haka Oracle ya bi. A PostgreSQL kuwa kowane zama shi ke ƙirƙirar nasa, a SQL Server kuma ana gane shi da alamar # a gaban suna.

4.5 Rubutun JSON

Hanya ta biyar ta fi sauran sabunta. Kowane rumbu yana karɓar rubutu a gurbi, don haka ana iya rubuta jerin da tsarin JSON, kamar [101, 205, 318], a bar rumbu ya kwance shi. Bugun 2016 na ƙa'ida ya shigo da JSON_TABLE don wannan aiki:

(8) SELECT suna FROM dalibai WHERE lamba IN (SELECT x FROM JSON_TABLE(?, '$[*]' COLUMNS (x INTEGER PATH '$')) t)

Oracle yana da ita tun 2014, MySQL tun bugu na 8.0 a 2018, MariaDB tun 10.6 a 2021, PostgreSQL tun bugu na 17 a 2024.  SQL Server ya daɗe yana yin wannan aiki da OPENJSON tun 2016, SQLite kuma da json_each. Rauninta shi ne rumbu ba ya sanin adadin ƙimomin da ke cikin rubutun lokacin da yake tsara aiki, sai ya yi kintace, kintacen kuma yana iya kai shi ga doguwar hanya. Duk da haka ta fi tsohuwar dabarar binciken lamba a cikin rubutu mai waƙafi da LIKE ko FIND_IN_SET, wadda ke hana rumbu amfani da fihirisa, ta tilasta masa duba kowane layi.

5.0 Tarkon NULL

Akwai abu guda da ya shafi dukan hanyoyin nan. NULL alama ce ta rashin sanin ƙima, kuma kwatanta kowane abu da ita ba ya haifar da gaskiya ko ƙarya, sai rashin sani. A jimlar IN wannan ba ya ɓata kome, domin layukan da suka dace za su fito. A jimlar NOT IN kuwa, NULL guda a cikin jeri ta isa ta hana kowane layi fitowa. Dalili shi ne cewa lamba ba ta cikin jeri yana nufin ta saɓa wa kowane abu da ke cikinsa, rumbu kuma ba zai iya tabbatar da ta saɓa wa abin da ba a sani ba. A wannan batu rumbunan sun bi ƙa'ida baki ɗaya. Ya kamata manhaja ta tace NULL daga jeri kafin ta miƙa shi.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa gurbi a SQL ƙima guda yake ɗauka, jeri kuwa a haƙiƙa jadawali ne mai ginshiƙi ɗaya. Hanyoyi na (4) da (7) da (8) duka abu ɗaya suke yi, watau mayar da jeri jadawali, sun bambanta ne kawai a wurin da ake yin juyin. Mun kuma ga cewa kasancewar abu a cikin daidaitacciyar ƙa'ida bai isa hujjar ɗaukuwarsa ba, sai an san ko yana cikin jigo, an kuma gwada shi a kan rumbun da tsanin da za a yi aiki da su.

Bisa ga wannan muna ba da shawara kamar haka. Ga gajeren jeri da ake son ya ɗauku ko'ina, a yi amfani da gurbi ga kowace ƙima, tare da ciko, da kula da jeri wayam, da sanya iyakar da ba ta wuce ta rumbu mafi ƙaranci ba. Ga dogon jeri mai dubban ƙimomi, a yi amfani da jadawalin wucin gadi. Idan an tabbata rumbu ɗaya za a zauna a kai, babu laifi a bi karinsa, muddin an keɓe waɗannan jimloli a wuri guda cikin manhaja, don ranar ƙaura a san inda za a gyara. Liƙa ƙimar baƙo a jikin jimla kuwa a guje masa a kowane hali.

Ga malaman da ke koyar da wannan fanni, muna ganin zai yi kyau a gabatar wa ɗalibai jimla ta (3) tun a darasin farko na gurbi, a bar su su gwada ta a kan rumbu biyu ko uku, su ga da idonsu yadda amsoshin suka saɓa. Wanda ya fahimci dalilin da ya sa ta ƙi aiki, ya fahimci bambancin ƙima da nahawu, wanda a kansa tsaron rumbun bayanai ya dogara.